Tarihin Rangadi da Keke a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen labari ne na hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal ta gangara Kebbe, da na ma'aikatan En'e waɗanda suka yi ta bin ta bisa keke suna rangadi. Dalilin da ya sa aka ga ya kamata a sa shi cikin littafin nan na tunawa da magabata shi ne, rabin aikin da ya riƙe ƙasa a kan hanya aka yi shi. Takardar da aka rubuta a birni ba ta zama hukunci sai wani ya kai ta ƙauye, lissafin da ke cikin Baitulmali kuma ba ya zama gaskiya sai wani ya je ya ƙirga da idonsa.

Yadda ƙasar take

Tambuwal tana kudu maso yamma da Sakkwato, tsakaninsu kamar mil 60 da 'yan kai. Matafiyi yakan bi ta Boɗinga da Shagari da Dogon Daji kafin ya isa, in ya wuce gaba kuwa sai ya faɗa Jega ta ƙasar Gwandu. Kebbe tana kudu da Tambuwal kamar mil 20, a wajen kwarin Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gumi ya ratsa ƙasar ya nufi Jega. Kada mai karatu ya haɗa Kebbe da Jihar Kebbi don kamar suna: Kebbe ƙasar Sakkwato ce, iyaka kaɗai suka haɗa.

Babu manyan duwatsu a nan irin na Kwatarkwashi. Abin da ke akwai shi ne tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, bisansu marmara da jar tsakuwa, gindinsu kwazazzabai waɗanda ruwan damina ya yanka. Tsakanin tsauni da tsauni sai jigawa mai rairayi, inda ake noman gero da wake, sai kuma fadama mai laka inda ake shinkafa da albasa. In aka ƙetare gulbi aka yi kudu, daji yakan ƙara duhu, ƙasa ta ƙara tauri, har a kai wajen Gulbin Ka, wanda bayansa duwatsun Zuru suke. Kowane irin wuri daga cikin waɗannan yana da abin da yake yi wa mai keke, za a zo da bayaninsa.

Asalin garuruwan hanya

Garuruwan da ke jere bisa wannan hanya ba haka kawai suka jeru ba, jihadi ne ya jera su. A ƙasar Kabi, ta wajen Jega, garin Gimbana yake, inda Malam Abdussalami ya zauna da almajiransa. Harin da mutanen Sarkin Gobir Yunfa suka kai wa Gimbana yana cikin abubuwan da suka kawo hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804. A 1805 Malam Abdullahi ya ci Birnin Kabi, Shehu ya koma Gwandu da zama, a shekarar kuma aka yi yaƙin Alwasa wanda jama'a suka sha wuya ƙwarai a cikinsa. Daga baya Shehu ya zauna Sifawa, Malam Abdullahi yana Boɗinga kusa da shi, har ya tashi zuwa Sakkwato a 1815, ya rasu a can a 1817. Yabo kuwa, wadda ke gefen hanya, garin Muhammadu Moyijo ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka taimaki Shehu tun da fari.

Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ga cin ƙasa daban riƙe ta daban, sai ya bi dabarar ribaɗi. Watau a gina gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da malami ko ɗan sarki a ciki tare da mayaƙa, su yi noma, su yi karatu, su tsare hanya. Shi kansa ya zauna Wurno bisa wannan niyya. Ta fuskar kudu maso yamma kuwa Tambuwal ce ta zama ribaɗi a hannun ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, malami kuma shugaban yaƙi, zuriyarsa suka gāji sarautar garin. Wurin ya dace, gama yana tsakanin Sakkwato da Gwandu da kwarin Zamfara. Amfaninsa ya ƙara bayyana bayan 1849, sa'ad da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa, aka shiga yaƙi da Argungu wanda bai ƙare sosai ba sai zuwan Turawa. A zamanin nan duka, wanda ya fita daga ganuwa ya nufi wani gari sai ya nemi ayari ko rakiyar mahaya. Wannan shi ya kamata a tuna in an ji labarin malami ɗaya tak yana ratsa dajin nan bisa keke da jakar kuɗi a bayansa.

Kafa En'e

Turawa sun shiga Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, aka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu Sarkin Musulmi. Bayan rigimar Satiru ta 1906 mulkinsu ya zauna, suka shiga shirya ƙasa gunduma gunduma. Kowace gunduma aka sa mata uban ƙasa wanda zai zauna a cikinta, ƙarƙashinsa hakimai da masu unguwanni. Aka tattara kuɗaɗen da ake karɓa iri iri a dā aka mai da su haraji da jangali. Wajen 1910 aka fara kafa Baitulmali a masarautun Arewa, aka yanka wa sarakuna da alƙalai da malamai albashi, kashi na haraji ya tafi ga Gwamnati, kashi ya zauna a hannun En'e don aikin ƙasa. Dokar En'e ta 1916 da ta 1933 suka ƙara daidaita al'amarin, kotuna kuma aka kasa su aji huɗu, daga kotun Sarkin Musulmi har zuwa ta alƙalin gunduma.

Wannan shiri duka bisa takarda ya tsaya. Sai an rubuta sunan kowane baligi mai biyan haraji, an ƙirga shanu, an ba da rasit, an rubuta shari'a cikin littafi, an aika da lissafi birni kowane wata. Saboda haka aka bukaci samari masu karatun boko da na Muhammadiyya, makarantun elamantare da Midil ta Sakkwato suka riƙa fitar da su. Aikin ba na rainawa ba ne. Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 har 1988, ya yi magatakarda a Dange kafin a naɗa shi Sardauna. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, haifaffen Dogon Daji a 1923, na farkon da ya hau gadon daga gidan Buhari, ya yi Midil ta Sakkwato, ya kuma fara aiki a ofishin Baitulmalin En'e. Alhaji Shehu Shagari ya yi elamantare a Yabo da Midil a Sakkwato, ya yi malanta, kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Biyu daga cikin ukun nan 'ya'yan wannan hanya ne.

Zuwan keke

Keke irin wanda aka sani yau, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa, a Ingila aka fito da shi a 1885, a birnin Kwabantiri. A 1888 Dunlop ya ƙago tayar da ake hura wa iska, a waɗannan shekaru kuma masana'antar Raleigh ta kafu a Nottingham, wadda sunanta ya zama Rali a bakin Hausawa. Mutanen can tun 1878 suna da ƙungiyar masu yawon buɗe ido bisa keke, sukan fita ranar hutu su bi ƙauyukan duwatsu don shan iska da kallon tsofaffin garuruwa. A nan ƙasar ba da wannan fuska ya shigo ba, da fuskar aiki ya shigo. Tsofaffi suka kira shi basukur, wasu suka ce dokin ƙarfe.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kantunan Turawa suka cika da kaya. Da aka gama hanyar jirgi daga Zariya ta Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, sai kaya suka shigo cikin lardin Sakkwato, keke ya fara yawa a hannun ma'aikata da 'yan kasuwa. Kuɗinsa ya fi albashin ƙaramin malami na wata da watanni, don haka akan ba ma'aikaci adibas ya saya, a riƙa yanka a albashinsa kaɗan kaɗan, a kuma ba shi ɗan alawus na gyara. En'e ita ma ta sami rabonta, gama kowane keke sai an yankar masa lasin shekara, an ɗaura masa lamba ta ƙarfe, ɗan doka yana dubawa ran kasuwa.

Masu rangadin suna da yawa. Akwai malamin haraji da malamin jangali, akwai muhutin alƙali da masinjan kotu mai kai sammaci, akwai malamin daji, da malamin dabbobi mai allurar shanu, da duba-gari, da malamin da ke zaga makarantu. Shirin kowa kusan ɗaya ne. A kariya a ɗaure tabarma da buta da akwatin takardu mai littafin rasit da tawada, a rataya fitilar ƙwai, a jikin keke a maƙala famfo, a aljihu a sa sholisho da guntun tsohuwar roba don faci. Malam ya naɗe hannun rigarsa bisa kafaɗa, ya ɗaure bakin wando kada sarƙa ta cafke, ya yi sallar asuba, ya hau tun da sauran sanyi.

Abin da hanya ke yi wa mai keke

Mai tafiya a ƙasa da 'yan alaro ba ya wuce mil 15 ko kusa da haka a zango ɗaya, watau daga Sakkwato zuwa Tambuwal kwana huɗu ke nan. Mai keke da rani, in hanya ta yi masa kyau, yakan yi ta a kwana biyu ba gajiya, mai ƙarfin gwiwa ma ya yi sammako ya kwana can. Amma wannan a babbar hanya ne, wadda aka zuba wa marmara ake kuma share ta. Da an bar ta an kama turbar ƙauye sai labari ya sake. A jigawa taya takan nutse cikin rairayi, sai a sauka a tura, rana tana dukan ƙeya. A fako tsidau yana shimfiɗe, ga ƙayar aduwa da farar ƙaya waɗanda makiyaya suka sassare suka bari a hanya, har mutum ya yi faci uku kafin azahar. A hawan tsauni tsakuwa tana zamewa, a gangara kuma wanda birkinsa ya ci sai ya tsinci kansa cikin kwazazzabo.

Damina ita ce babbar jarrabawa, ga shi kuwa lokacin jangali ke nan. Laka takan cushe tsakanin taya da madigadi har ƙafa ta ƙi juyawa, sai a nemi tsinke a ƙwaƙule. Ƙorama da aka wuce a bushe da safe sai a dawo da yamma a tarar ta kawo, mai keke ya ɗora shi bisa kai, takardu a ƙunshe cikin fata, ya shiga yana laluben ƙasa da ƙafa. A Gulbin Zamfara kuwa in ya cika babu dabara sai fito. A jira masu kwalekwale, a kwantar da keke a tsakiya, a biya kuɗin mutum a biya na keke. Zamanin yaƙin duniya na biyu wahala ta ƙaru, domin da Japan ta kama ƙasar Malaya a 1942 roba ta yi wuya a duniya, taya ta zama abin nema ido rufe, har wasu suka riƙa cusa tsumma cikin tsohuwar taya don kada aiki ya tsaya.

Alherin keke ga talakawa

Babban alherin keke, wanda ba a cika faɗa ba, talaka ne ya same shi. Mai rangadi bisa doki ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai mai kula da doki, akwai yara, akwai masu ɗaukar kaya, dokin kuma yana son dawa da harawa da ruwa. Duk wannan bisa wuyan garin da aka sauka yake faɗawa, ko da doka ta ce a biya, gama mai unguwa ba ya iya miƙa hannu ya karɓi kuɗin tuwo daga baran sarki. Ƙauye mai gida goma in ya sauki irin wannan baƙo kwana biyu, sai ya ji a rumbunsa. Keke kuwa ba ya cin dawa. Mai shi ya jingina shi a zaure, a kawo masa ƙwarya ɗaya ta fura da akushi ɗaya, ya kwana bisa tabarmarsa, gari ya waye ya wuce.

Na biyu, keke ya rage tsoro. Mahayi da rawani da zagi yakan sa mai ƙara ya haɗiye maganarsa tun daga nesa. Malamin da ya iso da ƙura har gira, yana neman ruwan wanke fuska, ba ya da wuyar tunkara. Ya durƙusa ya gai da hakimi da ranka ya daɗe, a shimfiɗa masa a gindin itace, tsohuwa ta matso ta ce Malam ga abin da ke damuna. Ta haka maganar gādo da aka danne, ko gonar maraya da aka cinye, ko auren da aka ƙi rabawa, takan kai kunnen alƙali alhali mai ita ba ta da ƙafar zuwa Tambuwal. Na uku, ya gaggauta shari'a. Sammacin da a dā zai yi mako a hanya sai ya isa a yini, shaida ya zo tun bai manta ba, dukiyar mamaci a rubuta ta tun ba a yi mata ɗauki ɗai ɗai ba.

Aibin da ya biyo shi

Amma kowane alheri da abin da ke bin bayansa. Keke yana son hanya mai kyau, sannu a hankali kuma sai ya koya wa mai shi son ta. Doki ba ruwansa da rairayi ko laka, inda aka juya linzami nan zai bi. Mai keke kuwa in ya tsaya a mararraba, ga turba mai santsi zuwa garin hakimi, ga wata mai ƙaya zuwa tungar da ke bayan gulbi, sai zuciya ta raya masa ya zauna ƙofar hakimi a kawo masa lissafi. Nan ɓarna take shigowa. In ba a je an gani ba, sai a kwafe sunayen bara a mai da su na bana. Wanda ya mutu yana nan cikin littafi, wanda ya tafi cin rani bai komo ba yana nan, wanda ya makance yana nan. Da yake kuɗin gari a dunƙule ake neman sa, abin da ya hau kan waɗannan sai a raba wa waɗanda suka rage. Wanda ya kāsa ya sayar da akuya, in ya ƙara kāsawa ya sayar da iri, daga nan sai ya tashi da dare ya bar ƙasar, nauyinsa ya koma kan maƙwabcinsa. Haka tunga takan watse ba yaƙi ba yunwa, saboda mil biyar da wani ya ƙi turawa.

A jangali ma haka. Malamin da bai shiga daji ya kai ruga ba, ko dai ya rubuta ƙasa da gaskiya Baitulmali ta yi hasara, ko ya rubuta bisa zato ya zalunci Bafillace, shi kuwa ya kaɗa shanunsa ya ƙetare iyaka, ƙasa ta rasa jangali ta rasa taki da nono. Saboda haka tsofaffin ma'aikata ba sa auna malamin rangadi da saurin zuwansa da komowarsa. Sukan dubi littafinsa su ga ko akwai sunayen ƙananan tungaye, su dubi tayarsa su ga yawan faci. Wanda ya komo daga kudancin Kebbe da damina rigarsa fes, an san inda ya tsaya.

Ƙarshen zamanin

Bayan yaƙi motoci suka yawaita, manyan ma'aikata suka koma babur da mota, keke ya zauna a hannun ƙanana. A 1967 aka yi jihohi, Sakkwato ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma. Daga 1968 kotuna da 'yan doka da gidajen yari suka fita daga hannun En'e ɗaya bayan ɗaya, a 1976 kuma aka kawo tsarin ƙananan hukumomi, sunan En'e ya kau daga takardun mulki. Da aka cire Jihar Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, sai Tambuwal da Kebbe suka sake zama bakin iyakar Sakkwato, kamar yadda suke zamanin ribaɗi. Yau kowace ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta, babbar hanya ta sha kwalta, tafiyar kwana huɗu ta koma ta sa'a biyu.

Duk da haka mararrabar nan tana nan inda take. Mota ta fi keke son hanya mai kyau, ƙauyen da ke bayan gulbi kuma bai matso ba. A shekarun baya bayan nan ɓarayin daji sun addabi ƙauyuka da yawa na kudancin Sakkwato da Zamfara, inda suka fi samun wurin zama kuwa shi ne inda ƙafar hukuma ta daɗe ba ta taka ba. Waɗanda suka gina Tambuwal sun san ƙasa ba ta tsaruwa daga nesa, shi ya sa suka baro birni suka zauna a bakin daji. Malaman da suka ɗauki keke bisa kai suka ƙetare ƙorama da littafin rasit, wannan darasi suka riƙe gwargwadon matsayinsu, ko da yake yawancinsu ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba sai a ƙasan takardun da suka sa wa hannu. Ma'aikacin yau, kowane irin abin hawa aka ba shi, in ya zo inda kwalta ta ƙare, ya tuna akwai mutane a gaba.

Allah ya jiƙan magabata, ya gafarta musu kurakuransu, ya saka musu da alheri bisa wahalar da suka sha. Allah ya ba ƙasa lafiya, ya ja zamanin Sarkin Musulmi, amin.